Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Tarihin Ginin netCDF da Kurakuransa

A watan Mayun 2020 aka fitar da siga ta 10 ta GCC, tarin kwamfailolin kyauta da ake samu a kusan kowace babbar kwamfutar bincike a duniya. Ba a yi nisa ba, masu nazarin yanayi da teku suka fara cin karo da abu guda. Mutum zai sauko da laburaren netCDF na harshen Fortran, wanda ya sha ginawa ba ko tari, ya buga umarnin da yatsunsa suka riga suka haddace, rubutu ya yi ta zuba a allo kamar ruwan Agusta, sai kwatsam komai ya tsaya cak. A ƙasan allon ga saƙo yana cewa an kira aiki guda sau biyu da kaya mabambanta, a nan da lamba ɗaya tilo, a can da jerin lambobi. Babu wanda ya taɓa ko harafi ɗaya a laburaren. Alƙalin ne aka canza, kuma rubutun da tsohon ya amince da shi shekara da shekaru, sabon ya ce bai yarda ba.

Maganin bai wuce layi ɗaya ba, wani ɗan umarni mai suna -fallow-argument-mismatch, wanda ke neman kwamfaila ta sassauta hukuncin ya koma gargaɗi. Amma wanda yake son sanin abin da ya jawo buƙatar wannan layin, sai ya koma baya fiye da shekara arba'in. Haka kusan kowane saƙon kuskure yake a wannan sana'a: tabo ne na wata yarjejeniya da wasu mutane suka ƙulla a wani zamani, ko kuma suka kasa ƙullawa.

Kwamfuta ba ta jin C, ba ta jin Fortran. Abin da take ji lambobin injinta ne kawai, kuma kowane irin inji da nasa. Tun 1957, lokacin da John Backus da abokan aikinsa a kamfanin IBM suka fitar da Fortran domin injin IBM 704, masana kimiyya suke rubuta lissafinsu a harshen da mutum zai iya karantawa, su miƙa wa kwamfaila, wadda aikinta aikin tafinta ne, ta juya shi zuwa harshen inji. Babban shiri ba ya zuwa a fayil ɗaya. Ɗaruruwan fayiloli ne, kowanne a fassara shi daban, sannan wata manhaja da ake kira linka ta ɗinke su wuri guda, tana bin sunaye: wannan yanki ya kira wani aiki mai suna kaza, to ina wanda ke ɗauke da shi? Laburare kuwa tarin irin waɗannan ayyuka ne da wani ya riga ya rubuta domin kada kowa ya sake wahalar rubuta su. Ɗauko rubutun asali a bi da shi duk waɗannan matakai a kan injin mutum, shi ake kira gini.

Al'adar ginin kamar yadda aka san ta yau ta samo asali ne daga ɓacin ran wani mutum a Bell Labs da ke jihar New Jersey a 1976. Kamar yadda Stuart Feldman ya sha bayarwa, abokin aikinsa Steve Johnson ne ya faɗo masa ofis ransa a ɓace, domin ya kashe safiya guda yana neman kuskure a shirin da ba shi da kuskure. Ya riga ya gyara fayil ɗin, ya manta bai sake fassara shi ba. Feldman shi ma ya sha irin wannan ba da jimawa ba, sai ya zauna ya rubuta make, ƙaramar manhajar da ke duba lokacin da aka taɓa kowane fayil, ta sake fassara wanda ya canza da duk abin da ya dogara a kansa, ta bar sauran. A garin rubutawa ya sa dokar cewa kowane layin umarni dole ya fara da maɓallin tab. Da ya gane dokar ba ta da kyau, mutane kamar goma sha biyu sun riga sun fara amfani da manhajar, ya ga bai dace ya ɓata musu fayiloli ba. Har yau wanda ya sa tazara a maimakon tab zai ga make ta tsaya tana cewa “missing separator”, alhali idonsa ba ya ganin bambancin komai a allo.

Shi kuwa netCDF, wata matsala ce daban ta haife shi. A shekarun 1980 kowane kamfanin kwamfuta yana ajiye lamba yadda ya ga dama. Injinan VAX na kamfanin DEC da na Intel suna fara rubuta lamba daga ƙaramin ɓangarenta, na Sun da na IBM daga babban ɓangaren. A wajen lambobi masu ɗigo kuwa, VAX da tsarinta, Cray da nata. Malamin da ya karɓi faifan tef na ma'aunin zafin teku daga wata jami'a zai iya shafe makonni kafin ya gane yadda aka jera lambobin, balle ya san ko a ma'aunin Kelvin aka auna su. Shirin Unidata, wanda ke garin Boulder a jihar Kolorado ƙarƙashin ƙungiyar jami'o'i ta UCAR, da kuɗin Gidauniyar Kimiyya ta Amurka, an kafa shi ne domin isar da bayanan yanayi ga jami'o'i, don haka matsalar a ƙofarsu ta kwana. Suka duba wani tsari mai suna CDF da Lloyd Treinish da Michael Gough suka ƙirƙira a cibiyar Goddard ta NASA. Tunanin ya burge su: fayil ɗin da ke bayyana kansa, yana ɗauke da sunan kowane ma'auni, da girmansa, da abin da aka auna shi da shi. Sai dai CDF na lokacin a Fortran yake, kuma a kan VAX ya zauna. A 1988 Glenn Davis ya rubuta gwajin farko a harshen C, ya ɗora shi a kan XDR, ƙa'idar da kamfanin Sun ya fitar ta rubuta lambobi iri ɗaya a kowane inji. Shi da Russ Rew suka raini aikin har ya zama netCDF.

Fayil ɗin ya sami 'yancin yawo daga inji zuwa inji. Laburaren da ke karanta shi kuwa bai samu ba. Zamanin Unix iri-iri ne: SunOS, Ultrix, AIX, HP-UX, IRIX, UNICOS na Cray, kowanne da kwamfailarsa da halinta. Ma'aikata 'yan ƙalilan a Boulder ba za su iya mallakar kowane inji su gina wa kowa nasa ba. Hanyar da ta rage ita ce a ajiye rubutun asali a dunƙule, kowa ya ja ta FTP ya gina a gidansa. Ta haka ɗalibin da ya shiga jami'a don ya karanci hadari da iska ya wayi gari yana koyon karatun saƙonnin linka, kuma a kowane sashe aka sami mutum ɗaya da ake cewa a kira shi idan gini ya ƙi.

Babu abin da ya cinye wa waɗannan mutane dare kamar ɗan karan nan da ake ja a ƙasan layi. Laburaren a C aka rubuta shi, amma masu amfani da shi galibi 'yan Fortran ne, kuma harsunan biyu ba su taɓa zama sun yi shawarar yadda za su kira juna ba. Fortran ba ya bambanta babban baƙi da ƙarami, don haka kowace kwamfaila sai ta zaɓi yadda za ta rubuta suna kafin ta miƙa wa linka. Feldman ɗin nan dai, shi da Peter Weinberger, su suka rubuta kwamfailar f77 ta Unix a ƙarshen shekarun 1970, suka zaɓi ƙananan baƙaƙe tare da kara ɗaya a ƙarshen suna, domin kada aikin Fortran ya yi karo da takwaransa na C. Cray ta zaɓi manyan baƙaƙe ba kara. IBM da HP suka ɗauki ƙananan baƙaƙe ba kara. Sai f2c, manhajar da ke juya Fortran zuwa C, da g77 ta GNU da ta bi sawunta, suka ƙara wata doka: idan sunan yana da kara a cikinsa tun asali, a sa masa biyu a ƙarshe.

To, sunayen ayyukan Fortran na netCDF-3 duk suna da kara a cikinsu: nf_open, nf_close, nf_get_var_real. Wanda ya gina laburarensa da g77 yana da nf_open da kara biyu a wutsiya. Da GCC 4.0 ta zo a 2005 da sabuwar kwamfaila gfortran, wadda ke sa kara ɗaya, sai shirin mutum ya je neman nf_open mai kara ɗaya, linka ta duba ko'ina ta dawo da “undefined reference”. Aikin yana nan a cikin laburaren, lafiyarsa ƙalau. Kamar mai neman gidan Malam Habu ne a unguwar da kowa ya san shi da Garba.

Gadar da netCDF ya yi amfani da ita shekaru da yawa wani fayil ne mai suna cfortran.h, wanda wani mai binciken fiziks, Burkhard Burow, ya rubuta a farkon shekarun 1990. Aiki ne na gwaninta, domin ya haddace al'adar kowace kwamfaila, har da yadda Fortran ke miƙa tsawon rubutu a ɓoye bayan sauran kayan kira. Amma sai an gaya masa inda yake. Idan bai gane ba, sai ya tsayar da gini ya zubo jerin injinan da ya sani: MIPS, VAX, Apollo, Convex, Cray, HP9000 da sauransu. Ɗalibin da ya ga wannan jeri a 2008 yana karanta sunayen kamfanonin da wasunsu sun shuɗe tun yana firamare. Dabarar da aka riƙa gadar wa juna ita ce a rubuta -DpgiFortran, wato a ce masa kwamfailar kamfanin Portland Group ce, ko da kuwa ta Intel ce a gaban mutum, tunda al'adar sunayensu ɗaya ce. Dubban mutane sun buga wannan layi ba tare da sun taɓa ganin kwamfailar Portland ba. Sulhu na gaskiya sai da ƙa'idar Fortran 2003 ta kawo hanyar kiran C a hukumance, kuma sai a 2014, a siga ta 4.4 ta netCDF-Fortran, aka karɓi aikin Richard Weed na Jami'ar Jihar Mississippi wanda ya ɗora laburaren a kan wannan hanya.

Kafin make ta fara aiki, akwai matakin da ya fi ruɗa baƙo, wato configure. Larry Wall, wanda daga baya ya ƙirƙiri harshen Perl, ya raba manhajarsa ta rn a 1984 tare da wani rubutu da ke bincikar injin mutum yana yi masa tambayoyi. A 1991 David MacKenzie, da ya gaji da gyara manhajojin GNU don kowane irin Unix, ya fara abin da ya zama Autoconf. Hikimarsa ita ce kada a tambayi inji sunansa, a gwada shi. Configure takan rubuta ɗan shiri na layi biyar ko goma, ta ba kwamfaila, ta ga ko zai wuce. In ya wuce, injin yana da abin. In ya faɗi, ba shi da shi. Haka za ta yi sau ɗaruruwa, tana rubuta komai a fayil ɗin config.log.

Abin da wannan ke nufi shi ne config.log cike yake da kurakurai ko da komai lafiya, domin faɗuwar gwaji ita ma amsa ce. Sabon shiga yakan buɗe fayil ɗin ya ga kalmar kuskure sau hamsin, hankalinsa ya tashi, ko ya zarce ƙarshen fayil inda babu komai sai jerin sunaye. Wanda ya daɗe a sana'ar ya san zai nemi gwajin ƙarshe da aka yi kafin a tsaya, ya karanta ainihin umarnin da aka ba kwamfaila da abin da ta mayar. Ya kuma san saƙon da ke fitowa a allo sau da yawa ba ya nuna mai laifi. Idan configure ta ce “C compiler cannot create executables”, da wuya a ce kwamfailar ce ta lalace. Yawanci mutum ne ya rubuta hanyar wani laburare ba daidai ba, ko ya ambaci wanda babu shi, sai gwajin farko ma ya kasa ɗinkuwa.

A 1997 Davis ya sake rubuta cikin laburaren, netCDF-3 ya daina dogara da XDR ɗin da ke zuwa da inji, ya koma ɗauke da nasa. Shekaru goma da suka biyo baya su ne mafi sauƙi a tarihin gininsa: dunƙule ɗaya, ba ya buƙatar kowa. A cikin wannan zamani ne ya zama harshen da masu nazarin sauyin yanayi ke musayar sakamako da shi, har aka tara sakamakon manyan samfuran yanayi na duniya a wannan tsari a ɗakin bincike na Lawrence Livermore domin rahoton kwamitin sauyin yanayi na duniya, IPCC, na 2007.

Amma bayanai sun yi ta ƙaruwa, ana buƙatar matse su, ana buƙatar injina da yawa su rubuta fayil guda a lokaci guda. A can Jami'ar Illinois, cibiyar NCSA ta daɗe da nata tsarin, HDF, wanda NASA ta zaɓa domin taurarin ɗan'adam masu kallon duniya, kuma a 1998 ta fitar da HDF5. Da tallafin NASA aka ɗaura auren biyun, a 2008 netCDF-4 ya fito yana ajiye bayanansa a cikin HDF5. Ribar tana da yawa, kuma duk wanda ya ga fayil ya ragu zuwa rabi ko ƙasa da haka ya san ba a yi asara ba. Sai dai gini ya tashi daga ɗaki ɗaya ya koma bene. A ƙasa akwai zlib na Jean-loup Gailly da Mark Adler, mai matse bayanai. A kansa HDF5. Wani lokaci da szip a gefe, wanda sharuɗɗan lasisinsa suka sa cibiyar lissafin yanayi ta Jamus, DKRZ, ta rubuta libaec a madadinsa. Sai curl domin jan bayanai ta intanet, sai MPI ga mai son aiki da injina da yawa. Sannan netCDF na C. Daga siga ta 4.2 a 2012 aka raba na Fortran ya zama dunƙule mai zaman kansa, sai a gina shi a kan na C. Duk hawa ɗaya da aka gina da wata kwamfaila daban, ko aka ajiye a inda na sama bai sani ba, zai bayyana ne can sama, da saƙon da bai ambaci sunansa ba.

Rabuwar 2012 ta dawo da tsohon saƙon nan na “undefined reference” ga sabbin mutane, da sabon dalili. Tsofaffin shirye-shirye sun saba neman laburare ɗaya, -lnetcdf. Yanzu ayyukan Fortran sun koma -lnetcdff, da f biyu, kuma bambancin harafi ɗaya ne da ido ke tsallakewa. Jerin ma yana da muhimmanci, domin linka daga hagu take karantawa zuwa dama, kuma a ɗinkin dindindin ba ta waiwaye: mai buƙata ya zo kafin wanda ake buƙata, na Fortran kafin na C, na C kafin HDF5, HDF5 kafin zlib. Don rage wannan wahala aka samar da nc-config da nf-config, waɗanda ke faɗa wa mutum ainihin layin da zai rubuta. Ga kuma fayil ɗin netcdf.mod, wanda kwamfailar da ta haife shi kaɗai ke iya karantawa. Na Intel ba ya shiga gfortran, kuma ko a cikin gidan gfortran an sha canza tsarinsa daga siga zuwa siga.

HDF5 shi ma ya kawo nasa kayan. A siga ta 1.8 an ƙara wa wasu ayyuka irin su H5Dopen da H5Dcreate yawan abin da ake miƙa musu, sai tsofaffin shirye-shirye suka fara faɗuwa da ƙorafin cewa kayan kira sun yi kaɗan, har sai an sa -DH5_USE_16_API. A siga ta 1.10 a 2016 lambar shaidar da laburaren ke ba kowane abu ta tashi daga bit 32 zuwa 64, wanda ya ajiye ta a ƙaramin mazubi ya shiga uku. Nau'o'in Linux na Debian da Ubuntu kuma suna ajiye hdf5.h a wani lungu mai suna serial, inda configure ba ta leƙawa sai an nuna mata.

Labarin HDF4 ya fi kowanne nuna yadda tsohon zamani ke bin mutum. Bayanan na'urar MODIS da ke kan tauraron Terra, wanda aka harba a Disambar 1999, da Aqua na 2002, a HDF4 suke, don haka har yau ana gina shi. A cikinsa akwai kwafin tsohon netCDF-2, da sunaye iri ɗaya da na sabon, kuma in ba a kashe shi da --disable-netcdf ba, sai linka ta rasa wanda za ta ɗauka cikin masu suna ɗaya. Wannan tsohon kwafin ya ci gaba da jingina da XDR na Sun, wanda ya zauna shekaru a cikin babban laburaren C na Linux, wato glibc. Da masu kula da glibc suka daina gina shi kai tsaye a siga ta 2.26 a 2017, suka cire shi ɗungurungum a 2.32 a 2020, sai masu ginin HDF4 suka fara ganin an ce babu fayil ɗin rpc/types.h. Sai sun nemo libtirpc su nuna masa hanya.

Wannan tarihi a Amurka aka yi shi, amma ya biyo bayanai ya iso Sahel. A 2006 Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta girke tashar awo ta tafi-da-gidanka ta shirin ARM a filin jirgin saman Yamai, ta shekara tana auna ƙurar harmatan da hasken rana da gajimare, a daidai lokacin babban binciken damina na AMMA. Abin da aka auna a sararin Yamai a fayilolin netCDF yake ajiye. Haka ake samun ƙiyasin ruwan sama na CHIRPS daga Jami'ar Kalifoniya ta Santa Barbara da na TAMSAT daga Jami'ar Reading ta Ingila, waɗanda masu bin diddigin damina da fari ke amfani da su. Ɗalibin da ke son ya gudanar da samfurin hasashen yanayi na WRF a Kano ko a Yamai, sai ya hau benen nan hawa-hawa kamar takwaransa na Boulder, sau da yawa ba tare da wani na kusa da zai kira ba, ga tsadar data, ga wuta da ke iya ɗaukewa gini na tsaka. A nan dabarar Feldman ta 1976 take yi masa rana, domin in wutar ta dawo, make daga inda ta tsaya take ci gaba.

WRF, wanda cibiyar NCAR da abokan aikinta suka fara rabawa a 2000, makaranta ce ta koyon dokar farko ta sana'ar. An tsara gininsa ya ci gaba ko da wani fayil ya faɗi, don haka kuskure ɗaya a minti na uku yakan haifi ɗaruruwa a bayansa, kowane fayil yana kukan rashin wanda ya riga shi faɗuwa. Bayan dogon jira sai a ga babu wrf.exe. Wanda ya fara karatu daga ƙasa zai yi ta bin 'ya'ya da jikoki. Sai an koma sama an nemo kuskuren farko, a gyara shi, a share duk abin da aka gina, a sake daga tushe.

A koma kan abin da ya faru a 2020. Fortran 77 ba shi da hanyar cewa wannan aiki yana karɓar kowane irin kaya. Amma laburare irin netCDF da MPI suna buƙatar hakan, tunda aikinsu ɗaukar bayanai ne ko wane iri. Sai masu rubutu suka riƙa miƙa lamba cikakkiya a nan, mai ɗigo a can, jeri a wani wurin, domin sun san a ƙarƙashi adireshin wurin ajiya kawai ake miƙawa. Ƙa'idar harshen ba ta taɓa halatta wannan ba, kwamfailoli ne ba sa dubawa. Masu gfortran suka fara dubawa a siga ta 10, kuma suna da hujja, domin irin wannan saɓani yakan ɓoye kuskure na gaske wanda ke lalata sakamako ba tare da ƙara ba. Cikin shekarar Unidata ta fitar da gyaran da ke sa configure ta gane sabuwar kwamfaila ta ƙara ɗan umarnin da kanta.

Ɓangaren C ma bai tsira ba. Tun ƙa'idar C99 aka haramta kiran aikin da ba a gabatar da shi ba, amma kwamfailoli suka yi shekara ashirin suna gargaɗi kawai. Apple ya mayar da shi kuskure a 2020, shekarar da ya fito da injin M1, kwamfailar Clang 16 ta bi a 2023, GCC 14 a Mayun 2024. Haɗarin da ya fi girma a nan shiru yake zuwa. Tsofaffin gwaje-gwajen configure da kansu an rubuta su da wannan sakacin, don haka sabuwar kwamfaila takan ƙi ɗan shirin gwaji saboda salon rubutunsa, configure kuma ta ɗauka injin ne ba shi da abin da ake nema, ta kashe wani sashe na laburaren, gini ya kammala kamar lafiya. Florian Weimer na kamfanin Red Hat da wasu masu sa kai a Fedora da Gentoo sun bi dubban manhajoji ɗaya bayan ɗaya suna kwatanta sakamakon configure kafin canjin da bayansa. Aiki ne da ba ya kai mutum ga lambar yabo, kuma da ba su yi shi ba, da masana da yawa sun yi lissafi da laburaren da aka gina a gurgunce ba su sani ba. Shi ya sa tsofaffin hannu ba sa tsallake make check, ko da zai ci musu awa guda.

Yau mafi yawan masu buɗe fayil ɗin netCDF ba su taɓa gina shi ba. Conda, manhajar sauko da kayan da aka riga aka gina, ta zo a 2012, conda-forge a 2015, kuma layi ɗaya ya isa a sauko da benen gaba ɗaya a gine. A manyan cibiyoyi akwai EasyBuild daga Jami'ar Ghent ta Beljiyam, da Spack wanda Todd Gamblin ya fara a Livermore a 2013, waɗanda suka mayar da sirrin da ke kan mutum ɗaya a sashe ya zama rubutaccen girke-girke da kowa zai iya karantawa ya gyara. Tun 2013 kuma netCDF na ginuwa da CMake, abin da ya sauƙaƙa gina shi a Windows. Ginin bai ɓace ba, ya koma hannun mutane kaɗan ne da ke yi wa dubbai. Sauƙin ma ya zo da nasa sabon saƙon: mutum ya fassara shirinsa da HDF5 na injinsa, a lokacin aiki shirin ya ɗauko na conda, laburaren ya lura lambobin sigar ba su dace ba, ya buga dogon gargaɗi ya tsayar da komai.

Abin da Unidata ta riƙe tsawon waɗannan shekaru shi ne alkawarin fayil. Wanda aka rubuta a kan injin Sun a farkon shekarun 1990 yana buɗewa da ncdump na bana. Baiti huɗu na farkonsa haruffa ne uku, C da D da F, sunan tsarin NASA da aka aro tunaninsa, sai lamba 1. Lambobin da ke ciki a jere suke babban ɓangare a gaba, yadda XDR ya tsara. Oracle ya saye kamfanin Sun a 2010, kuma kusan duk injinan da ake aiki da su yanzu, na Intel da AMD da ARM, daga ƙaramin ɓangare suke farawa, don haka duk lokacin da aka karanta irin wannan fayil, laburaren yakan juya kowace lamba baiti-baiti kafin ya miƙa wa mai ita.